Ku Tambayi Malamin Kimiyya: Maganin Sikila, Madubin James Webb da Tayil Mai Gefe 13

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan sun fi na kullum yawa, kuma kusan duk da magana ɗaya suka fara: "Malam, mun ji an ce an gano..." Na zaɓi huɗu. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin wadda ta aiko ta tana da majinyaci a ɗaki.

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 9, yana da sikila. Bara sau huɗu muka kwanta asibiti. An ce mana an samu maganin da yake raba mutum da ciwon gaba ɗaya. Gaskiya ne, ko ana sa mana rai ne kawai? Daga wata uwa.

Amsa: Baiwar Allah, sannu da jinya. Allah ya ba yaro lafiya, ke kuma ya ba ki ladan haƙuri. Ni ma da mai sikila na tashi a gida, ƙanwata ce. Na san daren da ake raba ido biyu ana gasa ƙafa da tsumma mai ɗumi, ana ƙirga sa'o'i kafin gari ya waye. Shi ya sa ba zan rage miki komai ba, ba kuma zan ƙara gishiri ba.

Maganin akwai shi, sunansa Casgevy. Birtaniya ta ba da izinin amfani da shi a watan Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya ranar 8 ga Disamba na wannan shekarar. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ciwon bai tashi musu da tsanani ba, alhali dukansu masu yawan kwanciya asibiti ne a da. Wata mata mai suna Victoria Gray ce mai sikila ta farko da aka yi wa, a 2019, kuma ta fito duniya ta ba da labarin yadda rayuwarta ta canza.

Ki tuna watannin ɗanki na farko. Da wuya idan ya nuna wata alama kafin ya kai wata biyar ko shida. Wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948, ta ce sirrin yana cikin jinin jarirai. Abin da yake ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini shi ne himogulobin. A jikin mai sikila, harafi ɗaya tak ne ya sauya a rubutun halittar da yake ba da umarnin ƙera shi. Idan oksijin ya ragu sai ya dunƙule ya yi sanda-sanda, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Wannan maƙalewar ce ciwon da kike gani yana murƙusa shi. To amma jariri yana zuwa duniya da wani himogulobin na daban, wanda ya yi amfani da shi a ciki, kuma shi ba ya dunƙulewa. Bayan haihuwa sai jiki ya kashe shi a hankali ya kunna na manya. A 2008 masu bincike suka tabbatar da makunnin da yake wannan aikin, wata ƙwayar halitta da ake kira BCL11A. A 2012 kuma Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da CRISPR a matsayin almakashi mai yanka rubutun halitta a daidai inda aka nufa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020. Casgevy haɗin waɗannan biyun ne: a sa almakashin a lalata makunnin a cikin ƙwayoyin da suke haifar da jini, jiki ya koma ƙera jinin jarirai. Daga abin da Watson ta lura da shi zuwa izinin maganin, shekara 75 ke nan.

Yanzu ga ɓangaren da masu yaɗa labarin suke tsallakewa. Ba ƙwaya ba ce da ake haɗiya. Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargo daga jinin majinyaci, a aika da su ɗakin bincike a gyara, aikin da yake cin watanni. Kafin a mayar masa da su, sai an ba shi maganin cutar daji (kansa) mai ƙarfi ya share tsohon ɓargon. Gashi yana zubewa, baki yana yin gyambo, garkuwar jiki tana faɗuwa, a yi makonni a asibiti ana tsaron sa daga kowace cuta. Mafi nauyi, wannan maganin yana iya hana haihuwa. Gyaran kuma a jini ya tsaya, wanda aka yi wa zai iya gadar wa 'ya'yansa ƙwayar sikila kamar da. Izinin da aka bayar a 2023 na masu shekara 12 ne zuwa sama, cibiyoyin da suke yi kaɗan ne a duniya, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin kusan kowane gida. Za a bi waɗanda aka yi wa har shekara 15 kafin a san ƙarshen abin.

Shawarata gare ki: ki tambayi likitansa game da haidiroksiyuriya, idan ba a riga an ɗora shi a kai ba. Tsohon magani ne, na sha, kuma shi ma ƙara jinin jariran nan yake yi, ko da yake bai kai wancan ba. Wani bincike da aka yi a kan yara a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, aka wallafa a 2019, ya nuna yana rage tashin ciwo, ƙarin jini da mace-mace. Sai dai likita ne zai auna adadin, kuma dole a riƙa gwada jini. Kada ki saya da kanki. Duk wanda kuma ya zo miki da kwalba ya ce maganin CRISPR ne a ciki, ƙarya yake yi.

Tambaya: Malam, ina karatun fiziks a jami'a. Na ga ana ta yaɗawa cewa madubin hangen nesa na James Webb ya rushe duk abin da masana suka ce game da farkon sararin samaniya. To me muke karantawa ke nan? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, ka ci gaba da karatunka, bai rushe ba. An harba madubin ranar 25 ga Disamba, 2021. Faɗinsa mita 6.5, yana kuma zaune kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Saboda haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, duk abin da ya hango da nisa, hoton da ne yake gani. A 2024 aka sanar da wani gungun taurari da ya hango kamar yadda yake shekara miliyan 290 kacal bayan farkon sararin, wanda ake ƙiyasta shekarunsa biliyan 13.8. Abin da ya ba masana mamaki shi ne irin waɗannan gungun na farko sun fi yadda aka zata haske da yawa. Wannan yana nufin akwai gyara a fahimtarmu ta yadda taurarin farko suka haɗu da sauri haka. Amma cewa sararin yana faɗaɗa, kuma ya faro da zafi da matsi, hujjojinsa suna nan daram, musamman ragowar hasken farkon nan da aka gano a 1965, wanda yake iso mana daga kowace kusurwa.

Idan kana neman inda gizo yake saƙar, ga shi. Ana auna saurin faɗaɗar sararin ta hanya biyu. Ta farko, a karanta wancan tsohon hasken, kamar yadda tauraron ɗan Adam na Planck ya yi, a lissafo yadda ya kamata saurin ya kasance yau. Amsa tana fitowa kusan 67. Ta biyu, a auna nisan taurari kai tsaye, ta amfani da wasu masu ƙyaftawa a kan ƙa'ida da wasu masu fashewa da haske sananne. Tawagar Adam Riess tana samun kusan 73. Ma'anar lambar ita ce, duk nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26 da ka ƙara, gudun da gungun taurari yake yi daga gare mu yana ƙaruwa da kilomita 67 ko 73 a daƙiƙa. Ratar kamar ba ta da yawa, amma ta wuce kuskuren da kowane ɓangare ya yarda yana iya yi. An yi zaton James Webb zai kama kuskure a ma'aunin Hubble, tsohon madubin hangen nesa da tawagar Riess ta yi amfani da shi, sai ya gaskata shi. Tawagar Wendy Freedman kuma, da wasu irin taurari, tana samun kusan 70.

Ni dai na fi karkata ga jira. Ina cikin aji a 2011 lokacin da labari ya zo cewa wani gwaji a Italiya ya ga ƙwayoyin nutirino sun fi haske gudu. Ɗalibaina suka tambaye ni ko su yaga babin Einstein, wanda ya ce babu abin da ya fi haske gudu. Bayan 'yan watanni aka gano wata waya ce ba ta zauna daidai a mazauninta ba. Abin da ya burge ni shi ne masu gwajin da kansu suka roƙi duniya ta taya su neman kuskuren. Wannan ratar ta 67 da 73 kuwa ta fi shekara goma ana tona ta ba ta rufe ba, shi ya sa nake ɗaukar ta da muhimmanci. Mai yiwuwa tsaranku ne za su warware ta.

Tambaya: An ce a Amurka an kunna ƙaramar rana a ɗakin bincike, wuta ta kusa zama kyauta. Yaushe za ta iso? Daga wani mai gyaran wutar lantarki.

Amsa: Ɗan'uwa, da sauran tafiya. Ranar 5 ga Disamba, 2022, a cibiyar Lawrence Livermore da ke Kalifoniya, aka harba hasken lesa 192 cikin wani ɗan ƙaramin bututu mai ɗauke da ƙwanso mai faɗin kimanin milimita 2 da aka cika da nau'o'in haidurojin. Ƙwayoyin zarra suka haɗe kamar yadda suke yi a cikin rana. Ƙarfin da ya shiga megajul 2.05 ne, wanda ya fito 3.15. Karo na farko ke nan da aka samu riba a irin wannan gwajin, kuma babbar nasara ce. Amma kai ma'abocin mita ne, ka lissafa: megajul 3.15 bai kai kilowat-awa ɗaya ba, iyakacinsa ya tafasa ruwa lita 9. Na'urorin lesar kuwa sun ja kusan megajul 300 daga layin wuta kafin su yi harbin. Babban aikin haɗin gwiwar ƙasashe na ITER a kudancin Faransa, a jadawalin da ya fitar a 2024, sai 2039 zai fara aiki da cikakken makamashin, kuma shi ma na gwaji ne, ba zai ba kowa wuta ba.

Tambaya: Malam, malaminmu ya ce har yanzu ana gano sababbin abubuwa a lissafi. Ni na ɗauka an gama shi tun da. Me ya rage? Daga wata ɗalibar sakandare.

Amsa: 'Yata, malaminku ya yi gaskiya, kuma zan ba ki misalin da za ki iya taɓawa da hannu. Dubi tayil ɗin da ake shimfiɗawa a ƙasa. Zanensa maimaita kansa yake yi: idan kika ja shimfiɗar gaba ɗaya taku ɗaya, za ta sake zama daidai a kan kanta. Masana suka tambaya, akwai siffar da za ta rufe fili mara iyaka, ba giɓi ba hawan juna, amma duk yadda aka jera ta ba za ta taɓa maimaituwa haka ba? A shekarun 1960 Robert Berger ya nuna ana iyawa da siffofi daban-daban har 20,426. A shekarun 1970 Roger Penrose ya sauko da su zuwa biyu. Daga nan aka tsaya cik kusan shekara 50 ana neman guda ɗaya.

Wanda ya samo ta ba farfesa ba ne. David Smith ne, tsohon ma'aikacin ɗab'i a Ingila da ya yi ritaya, mai sha'awar yanka takardu yana jerawa. A watan Nuwamban 2022 ya ci karo da wata siffa mai gefe 13 da ta ƙi maimaituwa komai yawan da ya jera. Amma jerawa ba hujja ba ce, domin wa ya san abin da zai faru a tayil na miliyan? Sai ya nemi masana uku, Craig Kaplan, Joseph Myers da Chaim Goodman-Strauss, suka kafa hujjar, aka fitar a watan Maris na 2023. Suka kira ta hula. Wasu suka yi ƙorafi cewa sai an riƙa kifa wasu daga cikin tayil ɗin kafin shimfiɗar ta yiwu. Wata biyu bayan haka, mutanen nan huɗu suka fito da wata siffar da ba ta buƙatar kifawa.

Za ki ce meye amfaninsa. A 1982 Dan Shechtman ya ga ƙwayoyin zarra a cikin wani gaurayen ƙarfe sun jeru da tsari amma ba maimaituwa, irin shimfiɗar Penrose. Manyan masana suka ƙi yarda, suka ce abu ne da ba ya yiwuwa. A 2011 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan ganin.

Da na ga hoton hular, na yanka guda 40 daga kwali na baje a kan tebur. Goma na farko suna shiga da sauƙi. Daga nan ido ya fara raya mini cewa ga zanen ya dawo, in matsa in duba da kyau, sai in ga guda ɗaya ta juya wani gefen. Ki gwada. Ki zana siffofi masu gefe shida a manne da juna kamar saƙar zuma, ki ja layi daga tsakiyar kowace zuwa tsakiyar kowane gefenta, za ta rabu gida shida. Hular gida takwas ce daga cikin waɗannan, a haɗe. Ki nemi hotonta a intanet ki ga waɗanne. Ki shafa wa fuska ɗaya launi ki bar ɗayar fara, domin a kan kowace shida ko bakwai da kika ajiye, za ki buƙaci ki kifa ɗaya. Idan kin kai 30 ba giɓi, ki aiko mini da hoton ta adireshin mujalla.