Ɗana Ya Koma Barci a Aji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan shekara 9 yana aji huɗu a firamare. Bara shi ya zo na uku, bana ya koma na 27. Malaminsa ya ce barci yake yi a aji, babansa kuwa ya ce lalaci ne, har ya zane shi sau biyu. Kwanaki na ga ɗigon jini a wandonsa, kakarsa ta ce alamar girma ce. Ina mafita?
Wata uwa, Kura, Jihar Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin komai, ki lallashi maigida ya ajiye bulalar nan. Ni jinin ne ya tsaya mini a rai, kuma cutar tsargiya, wato fitsarin jini, nake zargi.

Ku da kuke Kura, ga magudanan ruwan noman rani ta ko'ina, da wuya a ce yaro bai taɓa faɗawa wanka ba. Tsutsar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwar ruwa, ta huda fatar yaro ba tare da ya ji ba, ta je jijiyoyin mafitsara ta dinga zuba ƙwai. Jinin yakan biyo ƙarshen fitsari. Yau kaɗan gobe kaɗan, sai jinin jiki ya yi ƙasa, ga kasala, ga gyangyaɗi, malam na bayani yaro na hamma. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, in ta yi fari fat to magana ta fito. Ita kuwa Kaka, a sanar da ita cikin ladabi cewa balagar namiji ba ta zuwa da jini a fitsari.

Ki kai shi asibiti a auna fitsari, an fi ganin ƙwan tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a kuma duba yawan jininsa. Maganin Praziquantel ne, gwargwadon nauyin yaro ake ba da shi, kuma sai ya ci ya ƙoshi, in ba haka ba, zai iya sa shi jiri da tashin zuciya. Ki nemi a haɗa masa da na tsutsar ciki.

A gida a yawaita masa wake, zogale, alayyafo, da hanta in an samu hali. Shayin nan da ake kora burodi da shi yana rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, lemon zaƙi ya fi.

Maganin ba ya hana sake kamuwa, in ya koma ruwan an koma gidan jiya. Ki kuma leƙa makarantar ki yi wa malamin bayani, ya dawo da shi bencin gaba har jikin ya murmure.