Ta ina zan fara karanta tarihin kiɗan jazz?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, na soma sha'awar kiɗan jazz na Amurka, amma duk abin da na karanta sai in ga ya saɓa wa na baya. Wani ya ce Jelly Roll Morton ne ya ƙirƙiro shi, wani ya ce Buddy Bolden, wani kuma ya ce a 1917 aka fara shi. Wanne zan ɗauka, kuma ta ina ya dace in fara karatu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Saɓanin da ka ci karo da shi ba daga gare ka yake ba, daga yadda tarihin ya iso mana ne, domin kiɗan ya daɗe yana tashe a bakin ƙahonni kafin a sa shi a faifai, kuma ya daɗe a faifai kafin masana su ga ya cancanci a rubuta shi.

Babu mutum ɗaya da ya ƙirƙiro jazz. A birnin New Orleans da ke jihar Louisiana ya tsiro, wajen ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, a hannun baƙaƙen fata jikokin bayi. A birnin akwai wani fili da ake kira Dandalin Kongo, inda tun zamanin bauta ake barin bayi su taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa. Bayan an soke bauta a 1865, sai waƙoƙin coci, da waƙoƙin kukan zuci da ake kira blues, da kiɗan piyano na ragtime, da badujalar da ke raka gawa maƙabarta suka cuɗanya a unguwanni ɗaya, a hannun mutane ɗaya. Bahaushe ba zai rasa abin da ya sani a ciki ba, musamman yadda jagora ke jefa baiti 'yan amshi su karɓa, sai dai a nan ƙaho ne ke jefawa, sauran kayan kiɗa su amsa.

Sunayen da ka ambata kowanne yana da rabonsa na gaskiya. Tsofaffin makaɗan birnin da yawa sun ce Buddy Bolden ne suka fara jin yana busa wannan salo, amma a 1907 aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, bai fito ba har ya rasu a 1931, kuma babu faifansa ko ɗaya da ya iso gare mu. Duk abin da za ka karanta game da ƙarfin busarsa shaidar baki ce daga waɗanda suka ji shi. Morton kuwa da bakinsa ya ce shi ya ƙago jazz a 1902, alhali takardar baftismarsa ta nuna a 1890 aka haife shi, wato yana ɗan shekara 12 ke nan. Gwani ne na haƙiƙa, yana cikin na farko da suka zauna suka tsara wannan kiɗa a rubuce, amma iƙirarin ya wuce gona da iri. Ita kuma 1917 shekarar faifan farko ce kawai, wanda ƙungiyar Original Dixieland Jass Band ta naɗa a Niyok, kuma dukkansu farar fata ne. Wanda ya ɗauki ranar faifai a matsayin ranar haihuwar kiɗan ya zubar da aikin baƙaƙen da suka share shekaru suna busa shi ba tare da an kai su gaban na'ura ba.

Wannan batu na faifai shi ne na fi so ka riƙe, domin yawancin littattafan a kansa suka dogara. Faifan wancan zamani ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku, alhali a gidan rawa makaɗa kan ja waƙa guda har sai masu rawa sun gaji. A 1923, lokacin da ƙungiyar King Oliver, wadda matashi Louis Armstrong ke ciki, ta je naɗar faifai a kamfanin Gennett da ke Richmond a jihar Indiana, babu makirufo. Wani babban mazurari ake tsayawa a gabansa a busa, sautin ya girgiza allura, ita kuma ta zana shi a kan kakin zuma. Ɗakin yana dab da layin dogo, idan jirgin ƙasa ya taho sai a dakata ya wuce. Mai ganga kuma dole ya sassauta hannu don kada allurar ta yi tsalle, shi ya sa za ka ji ganga kamar babu ita a waɗannan faifai, ba don ba a buga ta da ƙarfi a fili ba. Haka kuma daga 1942 zuwa 1944 ƙungiyar ƙwadagon makaɗan Amurka ta hana 'ya'yanta naɗar faifai saboda rikicin kuɗi da kamfanoni, kuma a daidai wannan lokacin ne Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Thelonious Monk suke ƙera sabon salon bebop a gidajen kiɗan Harlem, unguwar baƙaƙen fata a Niyok. Da aka koma naɗa, sai salon ya fito wa jama'a kamar daga sama ya faɗo.

Game da inda za ka fara, shawarata ita ce ka sami littafi ɗaya mai bin zamani daki-daki ka mai da shi ginshiƙi. The History of Jazz na Ted Gioia, wanda ya fara fitowa a 1997, ya isa wannan aiki. Bayansa ka karanta Blues People na LeRoi Jones, wanda daga baya ya koma Amiri Baraka, da ya fito a 1963, domin shi ne zai nuna maka yadda kiɗan ke tafiya tare da halin da baƙar fata ke ciki, har ka gane abin da ya sa Duke Ellington ya yi shekaru daga 1927 yana kiɗa a Cotton Club, gidan da a lokacin yake tsakiyar unguwar baƙaƙe amma farare yake karɓa a kujerun kallo. Sai ka zo kan abin da makaɗan suka faɗa da bakinsu, wanda ya fi kowanne daɗin karatu kuma ya fi buƙatar lura. Armstrong ya rayu yana cewa ranar 4 ga Yuli, 1900 aka haife shi, sai bayan rasuwarsa a 1971 aka gano rajistar coci da ta nuna 4 ga Agusta, 1901. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Yaro ne da ya tashi cikin talauci, wanda aka tsare a gidan horon yara bayan ya harba bindiga sama a daren shiga 1913, kuma a can ya sami horon busa ƙaho. A wajen irinsa za ka sami ɗanɗanon zamanin, kwanan wata kuwa ka tabbatar da shi a wajen masu bin takardu.

Kada ka karanta babi ba tare da ka saurari abin da ake magana a kai ba, tunda yanzu kusan duk tsofaffin faifan suna intanet. Idan marubuci ya ce Armstrong ne ya mai da jazz fagen da mutum ɗaya zai fito ya tsara kiɗa nan take, ka kunna West End Blues na 1928 ka ji yadda ya buɗe shi shi kaɗai, daƙiƙa goma sha 'yan kai kafin kowa ya shigo, sannan ka koma ga shafin.

Tunda daga Zariya ka rubuto, akwai wani babi da ke kusa da kai. Yusef Lateef, mai busa saksofon da sarewa, ɗaya daga cikin makaɗan jazz da suka karɓi Musulunci, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya, kuma sarewar Fulani na cikin abin da ya nazarta. A wannan zaman ne ya naɗi faifansa mai suna In Nigeria tare da makaɗan gida. Ka nemi faifan ka saurara, sannan ka leƙa ɗakin karatun jami'ar ka tambayi abin da suka adana na aikinsa.