Tambaya da Amsa: Fanel ɗina ya iso amma kayan sun ƙi zama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne, na gaji da haɗa abu da wayoyi barkatai shi ne na zana fanel ɗina (PCB, allon da ake jera kayan lantarki a kai) na tura wa wani kamfani, bayan sati uku ya iso amma wlh ƙafafun aisi ɗin (IC, ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da yawa) sun ƙi shiga hujin. Laifinsu ne ko nawa? Kuma wace manhaja ce ta fi, wane kamfani kuma zan koma?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka yi haƙuri amma kusan tabbas laifin daga wajenka yake, su kamfanonin nan ba sa gyara wa mutum zane, fayilolin Gerber (masu ɗauke da zanen fanel ɗin) da na huji da ka tura su inji ke bi, in ka ɗauko sawun wani aisi daban, wato tsarin wuraren da ƙafafunsa ke zama, to haka za su buga maka shi tsaf har da kyalli. Shi ya sa kafin ka biya ko sisi ka firinta zanen a takarda daidai girmansa na gaskiya, ka ɗora kayan a kai ka ga ko ƙafafun sun hau. Ni ma sai da na yi asara sau biyu kafin na koyi wannan.

Batun manhaja kuwa, ni dai KiCad nake amfani da ita, kyauta ce, tun 1992 wani malami a Faransa mai suna Jean-Pierre Charras ya fara ta, daga baya ma injiniyoyin CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, suka sa hannu. EasyEDA ta fi sauƙin farawa don a burauza take aiki kuma tana haɗe da kamfanin buga fanel na JLCPCB, sai dai ka san tana jan ka zuwa wajensu ne. Altium ta manya ce, da tsada, ɗalibi bai buƙatar ta yanzu.

Amma abin da mutane ke yi a baibai shi ne su gama zane sannan su fara neman kamfani. A'a, fara zaɓar kamfanin, ka buɗe shafin da suka rubuta iya ƙarfinsu, siririn layin tagulla da za su iya, tazara tsakanin layi da layi, ƙaramin huji, ka shigar da lambobin nan cikin manhajarka sai ka kunna DRC, wato mai duba ƙa'idojin zane, ta riƙa tsawata maka duk inda ka ketare. Kar ma ka matsa har ƙarshen iyakarsu, layin 0.25mm ya ishe ka a yawancin sigina, na wuta kuwa ka faɗaɗa shi sosai.

Don aikin farko ka tsaya a kan fanel mai fuska 2, na FR-4 (allon fibaglas da aka saba amfani da shi), kauri 1.6mm, kar ya wuce 100 da 100mm don nan rangwamen yake a JLCPCB da PCBWay na Chaina. OSH Park na Amurka kwafi 3 suke bayarwa masu ruwan shunayya. Ka lura kuma, sau da yawa kuɗin aikowa ya fi na fanel ɗin kansa, toh ka haɗa duka kafin ka kwatanta. Batun shafen da ake yi wa tagullar kuwa, HASL (shafen solda) ya isa in da hannu za ka yi solda, ENIG (shafen nikel da zinare) sai in ƙafafun aisin sun yi ƙanana sosai suna son fuska shafaffiya.