Kyamarar shagona ta juya ita kaɗai: wa ke kallona?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Kano. Wata uku da suka wuce na sa aka ɗaura min kyamarori huɗu, ina kallonsu ta waya. Makon jiya da daddare sai na ga ta bakin ƙofa ta juya ita kaɗai ta fuskanci durowar kuɗi. Yaron shagona ya ce aikin aljanu ne. Shin wani zai iya kallon shagona ba da sanina ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A bar aljanu su huta. Da farko ka tuna ko an ɗauke wuta a lokacin, domin kyamarori masu juyawa sukan zagaya su gwada kansu duk sa'ad da wuta ta dawo, wasu kuma an saita su su riƙa bin motsi. In ba haka ba ne, to ƙwarai kuwa, wani zai iya kallonka, har ya juya kyamarar daga inda yake zaune.

Ni ma ga tawa tambayar: wa ya sa kalmar sirrin, kai ko wanda ya ɗaura maka? Mafi yawan ɓarnar daga nan take. Mai ɗaurawa yana sauri, wani aikin na jiransa, sai ya bar kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, ko ya sa guda ɗaya da yake sa wa duk masu ba shi aiki. Tsofaffin na'urorin kamfanin kyamarori na Hikvision suna zuwa da sunan shiga admin da kalmar sirri 12345, na kamfanin Dahua kuma admin da admin, kuma wannan ba sirri ba ne, a takardar cikin kwali aka rubuta. A shekarar 2014 aka gano wani shafi mai suna Insecam yana nuna hotunan kyamarori kusan 73,000 kai tsaye daga ƙasashe daban-daban, shaguna da ofisoshi har da ɗakunan kwana. Ba wata gwanintar kutse aka yi ba, masu su ne ba su canza kalmar sirri ba. Akwai kuma shafin Shodan, wanda aikinsa lalubo na'urorin da ke buɗe a intanet kamar yadda Google ke lalubo shafuka. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara kyamarori da na'urorin naɗar hoto masu ɗimbin yawa da irin waɗannan kalmomin sirri wajen sittin, aka kai hari da su kan kamfanin Dyn a Amurka, mai haɗa mutane da adireshin manyan shafuka, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da dama.

Gobe ka kira mai ɗaurawar, ku zauna gaban na'urar naɗar hoton, wato DVR. Da hannunka za ka rubuta sabuwar kalmar sirri, shi kuwa ya kau da kai, ba rashin yarda ba ne. Ta kai haruffa 12, a gauraya da lambobi, ban da lambar wayarka ko sunan ɗanka. Ku buɗe jerin masu izinin shiga, duk sunan da ba ka gane ba a goge.

Sai abin da mutane suka fi mantawa da shi, asusun manhajar waya. A Hik-Connect, manhajar Hikvision ta waya, alal misali, asusu ɗaya ne kawai ke mallakar na'ura, sauran aro ake ba su. In mai ɗaurawa ya yi rajista da imel ɗinsa ya tura maka izinin kallo, to shi ne maigida, kai baƙo ne a shagonka. Ya cire ta daga asusunsa, ka sake rajista da naka.

Daga nan a duba rauta, wato na'urar da ke raba intanet a shagon. A kashe UPnP, wadda ke barin kyamara ta buɗe wa kanta ƙofa zuwa intanet, a kuma rufe duk ƙofar da aka buɗe da hannu. A sabunta manhajar cikin kyamarorin da DVR ɗin: a 2021 an gano wata ɓaraka a kyamarorin Hikvision da dama da ke ba da damar ƙwace su ko da kalmar sirrin mai ƙarfi ce, sabuntawa ce kawai ke toshe ta.

Tambaya: Malam, ni uwa ce a Zariya, ina son sa ƙaramar kyamara mai araha a ɗakin yara saboda mai raino. Ya ka gani?

Amsa: Hajiya, a falo ko tsakar gida na yarda, amma ban da inda ake kwana ko canza kaya. Irin masu arahar nan marasa sanannen kamfani ba a cika sabunta musu manhaja ba, kuma galibi suna ɗaukar murya. Ki sayi wadda manhajarta ke turo lambar tabbatarwa ta biyu kafin a shiga, ki sanar da mai rainon an sa ta, in kin dawo gida kuma ki zare ta daga soket.