Shago mai arahar haya a Landan: kafin ki sa hannu, ki duba shi da idon duba-gari

Wata 'yar kasuwa da ke zaune a kudancin Landan ta aiko da wannan tambayar: "Shekara uku ke nan ina dafa abinci a gida ina kai wa masu taro, har na tara fam 30,000. Wani dillali ya nuna mini shago a Peckham, da can wurin sayar da soyayyar kaza ne, kuma hayarsa ta fi ta maƙwabtansa sauƙi sosai. Na duba na ga makin tsaftar tsohon mai wurin 1 ne cikin 5. Dillalin ya ce wannan bai shafe ni ba, in buɗe kawai, rajista sai daga baya. Lissafina shi ne hayar wata shida, fenti, allon suna da kayan girki. In karɓa?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Tara wannan kuɗin da cokali da tukunya ba wasa ba ne, shi ya sa ba zan ɓoye miki ba: a lissafin nan naki akwai mutum ɗaya da ba ki sa ba, kuma yana da ikon rufe shagon a yini ɗaya. Jami'in lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma nake nufi, wato duba-gari. Peckham tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Southwark, ɗaya daga cikin 32 na Landan, kuma nasu jami'an ne za su riƙa shigo miki ba tare da sun faɗa miki ranar zuwansu ba.

Maganar dillali rabinta gaskiya ce. Maki ba ya bin gini, mai sana'a yake bi, don haka 1 ɗin tsohon mai wurin ba zai hau kanki ba. Amma batun rajista daga baya, ki bar masa abinsa. Doka a Ingila ta ce a yi rajistar sana'ar abinci da ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin a fara. Kyauta ce, ta intanet ake cikewa, kuma ba a hana kowa. Buɗewa ba rajista laifi ne. Af, girkin da kike yi a gida ma yana cikin wannan dokar. In ba ki taɓa yi masa rajista ba, ki yi ta a makon nan.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin wannan 1 ɗin. Banza ba ta kai zomo kasuwa, haya kuma ba ta sauka haka kawai a titin da ake ciniki. Makin nan daga 0 zuwa 5 yake, tsarin hukumar kula da abinci ta ƙasa ne, FSA, kuma abu uku ake aunawa: yadda ake sarrafa abinci, halin da gini da kayan aiki suke ciki, da yadda mai wuri ke tafiyar da tsaron abinci a rubuce. In ƙazantar hannu da sakacin tsohon mai shagon ne suka ja masa, to ya tafi da kayansa. In kuwa ginin ne, ɓeraye na shigowa ta magudana, bango na jiƙa, bututun hayaƙi ya cushe da maiƙon shekaru, to wannan gadonki ne daga ranar da kika sa hannu. Shafin FSA yana nuna sakamakon kowane ɓangare daban, ki fara da can. Sannan kina da damar rubuta wa ƙaramar hukumar ki nemi rahoton binciken a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, wadda ta ba su kwana 20 na aiki su amsa. Dillali zai ce wani na jiran shagon. To, ya jira.

Na ce gadonki ne saboda yadda ake rubuta yawancin takardun hayar shago a Ingila: gyara kan ɗan haya yake komawa, wani lokaci har da abin da ya tarar a lalace. Mai gini zai karɓi hayarsa ko an rufe ki ko ba a rufe ba. Saboda haka kuɗin lauya da na mai duba gini su zo gaban kuɗin fenti. Ki je wurin da rana da tocila, ki sa a ja firiji da murhu daga jikin bango. Ki duba kashin ɓera, ki duba ramukan da bututu ke ratsawa, ki buɗe famfon ruwan zafi ki ga ko da gaske yana zafi. Ki tabbata akwai wurin wanke hannu daban da wurin wanke kwanuka, kuma ƙofar banɗaki ba ta buɗewa kai tsaye cikin kicin. Ki kira kamfanin kashe ƙwari su zagaya su ba ki rahoto a rubuce, ki kuma nemi a saka kyamara a magudanar ruwa, domin a tsofaffin gine-ginen Landan ta nan ɓera ya fi shigowa. Duk abin da aka gano, makami ne a hannunki wajen ciniki: ko mai gini ya gyara kafin ki shiga, ko ya yafe miki hayar wasu watanni, kuma a rubuta hakan cikin yarjejeniya. In ya ƙi duka biyun, ya ba ki amsar tambayarki da kansa.

Kada ki ɗauka tsangwama ce aka ƙirƙiro don baƙi. A 1854 kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a unguwar Soho, likita John Snow ya bi sawun cutar har famfon ruwa na titin Broad, aka cire hannun famfon. Shekara ɗaya bayan haka doka ta wajabta wa gundumomin Landan naɗa likitan kula da lafiyar jama'a, tare da masu zagayen duba ƙazanta. Wanda zai ƙwanƙwasa miki ƙofa yau magajin waɗancan ne, kuma abin da yake nema bai canja sosai ba: ta ina cuta za ta bi ta isa cikin mutane.

Yanzu ga inda masu iya girki irinki suka fi faɗuwa, wato takarda. Kicin zai iya yin fes kamar a ci tuwo a ƙasa, amma in jami'i ya ce a nuna masa tsarin tsaron abinci a rubuce aka rasa, wannan kaɗai ya isa ya jawo maki zuwa 1. Mutane da yawa ba sa yarda da haka sai ya same su. Maganinsa kuwa ba ya cin ko sisi. FSA tana da kundi mai suna Safer Food, Better Business, ana sauke shi kyauta. Ki cike shi daidai da yadda kike aiki, ki riƙa rubuta littafinsa na kullum da safe da kuma lokacin tashi. Ki sayi ma'aunin zafi mai tsinke. Abinci mai sanyi doka ta ce kada ya haura digiri 8, an fi son firiji ya tsaya a 5 ko ƙasa. Wanda aka ajiye da zafi don sayarwa kada ya gaza 63. Kaza ta kai 75 a tsakiyarta. Shinkafa ta fi kowa ha'inci, domin ƙwayar cutar da ke cikinta tana jure dahuwa, ta farfaɗo in an bar tukunya tana hucewa a hankali. A baza ta a faranti mai faɗi ta huce da wuri ta shiga firiji. Ma'aikacin da ya yi gudawa ko amai ya zauna a gida har awa 48 bayan ya warke, ko da ranar Asabar ce shago ya cika. Kada kuma wani ya cike littafin mako guda a zama ɗaya da biro ɗaya. Jami'an nan sun ga irinsa ya fi a ƙirga, kuma daga nan yarda ta ƙare.

Akwai abubuwa 14 da doka ta ce dole ki iya faɗa wa mai saye ko suna cikin abincinki, saboda masu alaji, wato waɗanda jikinsu ba ya karɓar wasu nau'o'in abinci: gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, kifi, jatan lande, alkama, waken soya da sauransu. Ki lura da gyaɗa musamman, don takan ɓuya cikin garin yaji da mai. Tun Oktoban 2021, abincin da kika naɗe kika ajiye kafin mai saye ya zo dole ya ɗauki takardar duk abin da ke ciki. Dokar ta biyo bayan rasuwar wata yarinya, Natasha Ednan-Laperouse, a 2016, bayan ta ci burodin da ke da riɗi ba a rubuta ba. Rasit ɗin duk wanda kika sayi nama ko kifi a wurinsa ma ki adana, za a tambaya.

Shara wani kuɗi ne da babu shi a lissafinki. Ta shago ba a zuba ta a kwandon gidaje, kuma harajin da kike biya bai haɗa da kwashe ta ba. Sai kin ƙulla yarjejeniya da mai kwasa mai lasisi, ki ajiye takardun shekara biyu. Tsohon man suya ba a zuba shi a magudana. A 2017 an tarar da dunƙulen maiƙo da tsummoki mai nauyin tan 130 ya toshe magudanar Whitechapel, kuma kamfanin ruwa yana bin gidajen abinci kan wannan. Ki sa tarkon maiƙo cikin kasafi. In kuma kina son sayar da abinci mai zafi bayan ƙarfe 11 na dare, wannan lasisi ne daban.

Ta fuskar ciniki, makin nan kadara ce. A Ingila ba dole ba ne ki manna shi a ƙofa, saɓanin Wels da Ireland ta Arewa, amma yana kan intanet kowa na gani, kuma ƙofar da babu koriyar takardar makin mutane sun san abin da take nufi. Manhajojin kai abinci irin su Just Eat da Deliveroo suna nuna shi, suna kuma da makin da ba sa karɓar ƙasa da shi. Masu ba da kwangilar girkin taro da ofisoshi suna tambayarsa. In aka ba ki mai rauni, kina da kwana 21 na ɗaukaka ƙara, ko ki gyara ki nemi a sake zuwa, wanda yawancin ƙananan hukumomi ke cajin kuɗi a kai. Mafi muni, in jami'i ya ga hatsari na nan take, kamar ɓeraye a wurin abinci, zai rufe shagon a ranar, kotun majistare ta tabbatar. Haya na tafiya, albashi na tafiya, kayan firiji na lalacewa, tarar kotu kuwa ba ta da iyaka a doka.

Da ni ce ke da fam 30,000 ɗin nan, kashi ɗaya cikin uku ba zan taɓa shi ba har sai an yi mini binciken farko na ga makina. Daga sauran, lauya da duba gini su fara ci, sai gyaran magudana, toshe ramuka, wanke bututun hayaƙi da firiji mai kyau. Allon suna mai walƙiya ya jira riba. Ki kuma buga wa sashen lafiyar muhalli na Southwark waya tun yanzu, ki ce ga shagon da kike shirin kamawa, ki tambayi irin shawarar da suke ba sababbin masu sana'a. Wanda ya zo da kansa kafin a neme shi, kallon da ake masa daban ne.

Amsata dai ita ce kada ki biya ko kafin alƙalami tukuna. Ki samo rahoton binciken tsohon mai wurin, da na mai duba gini, da daftarin yarjejeniyar haya, ki turo mini adadin da aka ce gyaran zai ci. In ya haura abin da za ki rage a haya cikin shekara biyun farko, sai mu nemi wani shagon, ki ci gaba da girkin gida da rajistarki kafin nan. Allah ya sa albarka.