Haƙuri, Dangana da Bangaskiya: Amsa ga Mai Makoki

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Roni, jihar Jigawa, ta rubuto cewa maigidanta ya rasu bayan girbin bana. Masu ta'aziyya suna ce mata ta yi haƙuri, matan zumunta suna ce mata ta riƙe bangaskiya, amma da zarar an ɗauki waƙa a majami'a sai hawaye su ƙwace mata, har ta soma ƙin zuwa sujada. Ta ce: "Malam, shin mai kuka ya rasa haƙuri ke nan? Mece ce kuma bangaskiyar da ake cewa in riƙe?"

Mama, Ubangiji ya ta'azantar da ke da iyalinki.

Haƙuri a Hausa bai taɓa nufin bushewar ido ba. Dubi karin maganar nan da ke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mai dafa dutse yana zaune ne a gaban murhu, yana iza wuta, hayaƙi yana shiga idonsa, kuma babu wanda ya ce idon ba zai zub da ruwa ba. Abin da ake yaba masa shi ne bai tashi ya bar tukunyar ba. Dangana kuwa asalinta jingina ce, kamar yadda ake dangana tsani da bango, don haka in an ce mutum ya dangana, ana nufin ya san ba zai iya tsayuwa da ƙafarsa ba, ya jingina ga wanda ya fi shi.

Bangaskiya ita ce na fi so ki lura da ita. Kalmomi biyu ne aka haɗa, "ban" da "gaskiya", wato ba da gaskiya, kuma ƙirarta ɗaya da ban girma, ban kwana da ban ruwa. Dukkansu ayyuka ne da mutum yake yi ko ransa yana masa daɗi ko ba ya yi. Manoman rani na Kura da Bunkure, waɗanda ke shayar da gonakinsu da ruwan madatsar Tiga, suna ban ruwa ne a lokacin da sama ta ɗauke, kuma ni a ganina haka ban gaskiya take: an fi bukatarta a ranin zuciya. Ita ce kalmar da Kiristocin ƙasar Hausa suka saba ji a Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, kuma ban san wata da ta fi ta dacewa ba.

Sujada ma, wadda muka aro daga Larabci, ma'anarta ta farko ita ce kai goshi ƙasa. A sura ta farko ta littafin Ayuba, da labarin mutuwar 'ya'yansa ya iso, sai ya yage rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa ya yi sujada, makoki da ibada a wuri guda. Yesu kansa ya yi kuka saboda mutuwar Li'azaru, kamar yadda Yohanna 11:35 ta nuna.

Saboda haka ina roƙonki ki koma ranar Lahadi, ki zauna cikin matan zumunta. In waƙar ta maƙale miki a wuya, ki bar su su rera, ke kuma ki saurara.