Moton teburin juyi ya ƙone, wanne zan ɗaura masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin makaranta ne mai ritaya, ina da ƙananan injinan sassaƙar ƙarfe guda biyu a zaure, da su nake ɗebe kewa. Kwanan baya na yi tsintuwa a kasuwar Panteka: tebur mai juyawa na inci 6, irin wanda ake ɗorawa kan inji don yanka haƙoran giya ko huda ramuka a zagaye. Ba shi da hannun murɗawa, moto ne a jikinsa, amma ya ƙone, akwatin da ke sarrafa shi ma babu. Mai naɗin waya ya ce ba zai gyaru ba. Ina da moton waifar mota a ajiye, in ɗaura shi? Burina in yanka giya mai haƙori 127 don injina ya riƙa yin tiredin milimita.
Mai karatu, daga Kakuri, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Moton waifa dai a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Yana da ƙarfi, ba ya cin kuɗi, kuma da walda za ka yi a zagayen bututu da na ce bismillah. Matsalarsa ɗaya, bai iya ƙirga ba. Ka ba shi wuta ya juya, ka ɗauke ya tsaya inda ya ga dama. Haƙori 127 kuwa lissafi ne zalla: inci ɗaya milimita 25.4 ne, sau 5 ya ba da 127, lambar da ba ta rabuwa da komai sai ɗaya da kanta. Aikin na moto mai taku ne, wanda masu sayarwa ke kira stefa, mai tafiya taku 200 a zagaye guda, kowane taku digiri 1.8.

Kafin ka fitar da ko kwabo, cire tsohon moton, ka sa alli a bakin teburin, ka murɗa sandar da moton ke juyawa da hannu kana ƙirgawa har alamar ta dawo inda ta tashi. Yawancin masu inci 6 murɗawa 90 ne. Na kamfanin Sherline na Amurka mai inci 4 murɗawa 72 ne, akwai kuma ƙanana masu 36. In 90 ne naka, sau 200 ya zama taku 18,000 a zagayen tebur, wato taku 50 a kowane digiri. Rubuta wannan a bango, za mu dawo kansa.

Sayi NEMA 23. Lambar nan faɗin fuskar moton kawai take nufi, kusan milimita 57, ba ƙarfinsa ba. Matsakaici ya ishe ka, don giyar cikin teburin ta riga ta ninka ƙarfin. Mai shago zai so ya tura maka NEMA 34, ka ce ka gode. Ranar da ka manta ba ka kwance makullan tebur ba, ƙaramin moto zai yi gurnani ya tsaya, babban kuwa yana iya cinye haƙoran cikin, kuma su ba a samunsu a Panteka sai an yi sa'a.

Inda aikin yake shi ne tsakanin moto da sanda. Fuskar NEMA 23 tana da tudu mai faɗin milimita 38.1 a tsakiya, ramukan kusoshinta huɗu kuma tazarar milimita 47.14 ce tsakaninsu, da wuya su dace da na tsohon. Sai ka sassaƙa gajeren bututu na alminiyum, baki ɗaya ya kama wuyan teburin, ɗayan ya karɓi tudun moton. Ka fafe ramukan biyu a ɗauri guda ba tare da ka kwance ƙarfen daga inji ba, don su zauna a layi ɗaya. Ka kuma bar taga a gefe inda makulli zai shiga ya ɗaure mahaɗi, wato abin da ke haɗa sandar moto da ta tebur. Na taɓa mantawa da tagar nan, na gama aiki tsaf, na tsaya ina kallonsa kamar wanda ya kulle ɗaki da makulli a ciki.

Sandar moton milimita 6.35 ce ko 8, auna taka kafin ka sayi mahaɗi. Ka guji na alminiyum ɗin nan mai tsaga-tsaga kamar sifirin, yana miƙewa yana murɗewa. Nemi mai muƙamuƙi da roba a tsakiya, ko wanda ake kira Oldham. Sannan ka lura da wani abu da mutane da yawa ke tsallakewa: duk lokacin da sandar tebur ke tura giya, ita ma ana tura ta gaba ko baya. Dole a sami zobe ko boris da zai riƙe wannan turin a jikin teburin kansa. Kama sandar ka ja, ka tura. In ta motsa, gyara nan tukuna, in ba haka ba boris ɗin sabon motonka ne zai ɗauki nauyin, kuma ba don haka aka yi shi ba.

Tsohon tebur ba ya rasa sako-sako tsakanin sanda da giya. Yawancinsu sandar tana zaune cikin wani hannun riga da ramin bai tsaya a tsakiya ba, in ka juya shi kaɗan sai haƙoran su ƙara shiga juna. Matse a hankali, ka zagaya teburin gaba ɗaya da hannu, don cin da ya yi ba daidai yake ko'ina ba. Inda ya fi tauri shi za ka bi. Ragowar sako-sakon kuma maganinsa tafiya ta hanya ɗaya. In ka wuce wuri, koma baya sosai ka sake tahowa.

Stefa ba ya aiki sai da akwatin da ke ba shi wuta taku-taku, sunansa direba, ko da yake ba ya karɓar kuɗin mota. DM542 nake amfani da shi, yana karɓar volt 20 zuwa 50. Saita ƙarfin wutar kada ya haura abin da aka rubuta a jikin moton, ka kuma duba maɓallin SW4 mai rage wuta zuwa rabi in moto na tsaye, don a zafin Afrilu zai yi maka amfani. Kada ka taɓa zare wayar moto alhali direba na kunne, direban yana iya ƙonewa nan take. Ƙaramin allon Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa umarni, ya isa ya gaya wa direba taku nawa zai yi. Tunda wutarmu sai a hankali, ni batir biyu na volt 12 nake haɗawa su ba da 24, domin stefa da an ɗauke wuta ya manta inda yake.

To, mu koma ga lambar bango. Raba 18,000 gida 127, za ka sami 141.73. Karon farko da na yanka irin giyar nan na ce ai 142 ne, me ya rage? Haƙori 126 suka fito kamar a saya. Na ƙarshen ya fito siriri kamar tsinken sakace, saboda ɗan ƙarin nan ya taru ya kai taku 34, digiri 0.68, kusan rubu'in tazarar haƙori guda. Tagullar da na yi wata ina nema ta zama abin danne takarda. Abin da ya kamata shi ne kowane haƙori a lissafa shi daga sifili: lambar haƙorin sau 18,000, a raba da 127, sannan a ɗauki cikakkiyar lambar da ta fi kusa. Ta haka kuskure ba ya wuce rabin taku. In jikanka ne zai rubuta maka umarnin, gaya masa ya ajiye lambobin a babban ma'ajin lamba da ake kira long, don ƙaramin da ake kira int na Arduino Uno ba ya wuce 32,767.

Kulle teburin kafin kowane yanka, ka buɗe kafin ya juya. Zagayen farko kuma a kan faifan roba ko katako za ka yi shi, ɗan karce kawai a kowane haƙori, ka ga ko na 128 ya faɗa cikin na farko. In ya faɗa, ɗora tagullar. A turo mana hotonta, Malam.